Wa za a kora idan katangar gaba ta rushe?

A ranar 30 ga Nuwamba 2024, a wasan zari-rugar jami'o'in Amurka, Ohio State ta sha kashi a gida a hannun Michigan da ci 13-10. Yadi 77 kacal ta samu ta hanyar gudu da ƙwallo, domin duk lokacin da ta yi yunƙurin bi ta tsakiya sai ta ci karo da Mason Graham da Kenneth Grant, ƙattai biyu da ƙungiyoyin NFL, gasar ƙwararru ta Amurka, suka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa bayan watanni biyar. Kafin 'yan kallo su gama watsewa, magoya baya sun riga sun jera waɗanda suke so a sallama, kuma sunan Justin Frye, kocin layin gaba, yana sahun farko. Makonni bakwai bayan haka, wannan ƙungiya da wannan koci suka doke Tennessee da Oregon da Texas a jere, suka gama da Notre Dame da ci 34-23, suka ɗauki kofin ƙasa. Frye bai koyi sabon aiki cikin makonni bakwai ba, kuma bai kasance jahili a Nuwamba ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne a duk muƙaman horarwa na zari-rugar jami'o'in Amurka babu wanda ake yi wa hukunci da hujja mara ƙarfi kamar wannan.

Cikin 'yan wasa 11 na ɓangaren hari, biyar ne ke layin gaba. Akwai ɗan tsakiya, wanda ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ga mai jifa. A damansa da hagunsa akwai 'yan kafaɗa biyu, sannan 'yan gefe biyu a bakin layi. Lambar rigarsu tana tsakanin 50 da 79, doka ta hana su karɓar ƙwallon da aka jefo gaba, kuma a manyan jami'o'i da wuya ka ga wanda bai kai kilo 130 ba. Aikinsu biyu ne: su buɗe wa mai gudu hanya, su kuma tsare mai jifa har ya saki ƙwallo. Kyamarar talabijin ƙwallo take bi, saboda haka ba a ganinsu sai an kira laifi a kansu ko an maka mai jifa da ƙasa. Mai kallo yana ganin sakamako, sanadi kuwa ya faru a inda kyamara ba ta kalla ba.

Kafin a ɗora wa koci laifin faɗuwar mai jifa, sai an san wace irin faɗuwa ce. Kafin a miƙa ƙwallo, ɗan tsakiya yakan nuna ɗaya daga cikin masu tsaro na layi na biyu da yatsa, ya kira lambarsa. Daga wannan mutum ake fara lissafi, kowa ya san nasa. A tsarin da aka fi amfani da shi, mutum uku suna karkata ɓangare guda, kowa ya tsare kafar da ke gefensa, sauran biyun su riƙe mutum da mutum, mai gudu kuma ya zama na shida, ya duba wanda zai kutso daga baya. Idan mai gudu ya fita karɓar jifa, biyar suka rage. Masu tsaro suka turo shida, dole ɗaya ya shigo babu mai tare shi, kuma a ƙa'idar wasa wannan na mai jifa ne: ya gan shi tun kafin a fara, ya saki ƙwallo da wuri zuwa wurin da mutumin ya bari. Idan bai yi ba aka kayar da shi, allon ƙididdiga zai rubuta wa layin gaba, alhali ko ɗaya daga cikinsu bai yi kuskure ba.

Haka abin yake ga mai jifan da ke riƙe ƙwallo. Masu horarwa sukan lissafa cewa daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ne haƙƙin da mai jifa ke da shi a kan katangarsa. Abin da ya wuce haka kyauta ce. A 2023 an kayar da Shedeur Sanders na Colorado sau 52. Layin nan ba shi da kyau, babu mai musu, amma da aka sauya koci aka kawo Phil Loadholt, aka sake kusan duk 'yan layin, aka ɗauko Jordan Seaton wanda yake cikin fitattun 'yan sakandare na shekararsa, an sake kayar da Sanders sau 42 a 2024. Koci ya sauya, yara sun sauya, mai jifa bai sauya ba, kuma Sanders mutum ne da ya gwammace a kayar da shi da ya jefa ƙwallo a hannun abokan hamayya. Wani abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne a wasan jami'o'i ana cire yadin da aka rasa wajen kayar da mai jifa daga yadin gudu, saɓanin NFL da ke cirewa daga na jifa. Ƙungiya za ta iya yin gudu mai kyau, amma takardar ƙididdiga ta nuna kamar ba ta iya buɗe hanya ba.

To ina laifin koci yake bayyana? Inda ya fi fitowa fili shi ne wajen musanya. Masu tsaro sukan yi dabara: na waje ya kutso ciki da ƙarfi ya ɗauke hankalin mutum biyu, na ciki ya zagayo ta bayansa ya fito ta waje. Maganinta shi ne ɗan gefe ya tura nasa ga ɗan kafaɗa, ya saki, ya jira mai zagayowa. Wannan ba zai yiwu ba sai su biyun suna tsaye a zurfi ɗaya. Idan ɗan gefe ya ja baya taku uku, ɗan kafaɗa ya tsaya a taku ɗaya, an buɗe ƙofa tsakaninsu, mai kutsowa ya buge ɗan kafaɗa ta haƙarƙari, mai zagayowa ya wuce salin-alin. A satin farko na kaka ana iya yi wa layi uzuri. Idan dabara iri ɗaya tana cin su a Nuwamba kamar yadda ta ci su a Satumba, wannan koyarwa ce ta gaza, kuma magoya baya suna da gaskiya.

Sauran alamun suna buƙatar a sake kallon wasan a hankali, ido a kan ƙafa da hannu. Ɗan gefen da ke fara ja da baya da ƙafar da ba ta dace ba, ko ya juya ƙugu waje tun da wuri ya buɗe hanyar ciki, wadda ita ce mafi gajarta zuwa mai jifa. Wanda ke kai hannu a wajen kafaɗun abokin karawa maimakon ƙirji, wanda ƙarshensa riƙo ne da tarar yadi 10. Wanda ke sunkuyar da kai ya jingina gaba, sai a fizge shi ya kife. Mutum ɗaya yana yin haka, matsalarsa ce. Uku cikin biyar suna yi iri ɗaya, daga filin atisaye suka ɗauko. Shi ma motsi kafin lokaci, mai tarar yadi 5, sai a duba inda aka yi shi. A filin Penn State ko na Tennessee, inda mutum sama da dubu 100 ke ihu, ba a jin muryar mai jifa, ana komawa ga tafi ko ɗaga ƙafa ko ɗan kafaɗa ya taɓa ɗan tsakiya, ɗan gefe kuma dole ya raba ido tsakanin ƙwallo da mutumin da ke gabansa. A can kuskure yana da dalili. A filin gida ba shi da shi.

Akwai kuma yanayin da yaro ya san nasa, ya taka daidai, ya sa hannu daidai, aka ɗaga shi aka mayar da shi baya kamar ba kowa. Wannan ba a gyara shi ranar Talata a atisaye. An yi asararsa ne shekara uku da suka wuce, lokacin ɗaukar 'yan wasa.

A nan ne lissafin yake da wuya, kuma a nan na fi ganin korafin magoya baya yana da tushe, sai dai sau da yawa suna kai shi ga wanda bai aikata ba. A zamanin da aka ƙayyade gurbin tallafin karatu 85 ga kowace ƙungiya, yawancin manyan jami'o'i sukan ware wa layin gaba kusan 15 zuwa 17. Wato kowace shekara ana bukatar sababbi uku zuwa biyar. Mai karɓar jifa ɗan shekara 18 zai iya shigowa ya haskaka a kakarsa ta farko. Ɗan layin gaba kuwa yakan bukaci shekara biyu ko uku a ɗakin ɗaga ƙarfe da teburin abinci kafin ya iya tsayawa gaban mai shekara 22. Idan aka yi shekara biyu a jere ana ɗaukar biyu-biyu, ko aka ɗauki 'yan kafaɗa zalla babu dogo mai dogon hannu da zai tsaya a gefe, ba za a ji zafin ba nan take. Sai bayan shekara uku, lokacin da wataƙila wanda ya yi sakacin ya riga ya koma wata jami'a, wanda ya gaje shi ne ke shan zagi.

Iowa ta daɗe tana kauce wa wannan ta hanyar gina nata. Kirk Ferentz, wanda ke jagorantar ƙungiyar tun 1999, kocin layin gaba ne a can daga 1981 zuwa 1989, kuma bai taɓa sakin wannan ɓangare ba. Robert Gallery ya zo ne a matsayin mai karɓar jifa na kusa da layi, aka mayar da shi ɗan gefe, ya ci kyautar Outland ta gwarzon ɗan layi a 2003, aka ɗauke shi na biyu a NFL a 2004. Tyler Linderbaum ya zo a ɓangaren tsaro, aka dawo da shi tsakiya, ya ci kyautar Rimington ta gwarzon ɗan tsakiya a 2021. Abin da suke nema shi ne jiki mai lanƙwasa da ƙafa mai sauri, sau da yawa a wurin 'yan kokawar sakandare, nauyi kuwa su za su ɗora. Amma wannan hanya tana bukatar yaro ya zauna shekara huɗu ko biyar, abin da ya yi wuya tun da aka buɗe ƙofar sauya sheƙa, wato tsarin komawa wata jami'a, a 2018, aka cire zaman jiran shekara guda a 2021, aka kuma halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu a watan Yulin shekarar.

Masu cewa a je ƙofar sauya sheƙa a sayo biyar a wuce wurin suna manta abu biyu. Na farko, ɗan gefen da ya ƙware ba ya yawan shiga kasuwa: ko jami'arsa ta biya shi ya zauna, ko ya tafi NFL. Na biyu, ko an samu biyar masu kyau, ba su taɓa yin musanyar nan tare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Oklahoma ta gwada a 2024, shekararta ta farko a gasar SEC, ɗaya daga manyan rukunonin jami'o'i. Bill Bedenbaugh yana horar da layin gabanta tun 2013, layinsa ya ci kyautar Joe Moore ta gwarzon layin gaba a 2018, kuma ɗalibansa irin su Orlando Brown da Creed Humphrey suna cikin manyan NFL. Amma bayan kakar 2023 kusan duk manyan layin suka tafi lokaci guda, Tyler Guyton zuwa NFL, Cayden Green zuwa Missouri. Aka cike gurbi da baƙi, rauni ya biyo baya, ana ta sauya jeri mako-mako, aka kayar da masu jifansu kusan sau 50, aka gama kaka da nasara 6 da rashin nasara 7. A watan Oktoba aka kori kodinetan hari, wato mai tsara dabarun hari, Seth Littrell, aka bar Bedenbaugh. A ganina an yi daidai da aka bar shi, amma tambayar da ya cancanci a yi masa ita ce me ya sa babu 'yan aji biyu da uku da suka isa hawa lokacin da manyan suka tafi. Wannan tambaya ce ta ɗaukar yara, ba ta koyarwa ba, kuma duka biyun aikinsa ne.

Ƙofar tana aiki idan gurbi ɗaya ko biyu ake cikewa. Ohio State ta samo Josh Simmons daga San Diego State, ta samo Seth McLaughlin daga Alabama. Labarin McLaughlin ma abin lura ne. A wasan Rose Bowl na 1 ga Janairu 2024, ƙwallayen da ya riƙa miƙa wa mai jifan Alabama Jalen Milroe sun riƙa zuwa ƙasa-ƙasa har zuwa yunƙurin ƙarshe, Michigan ta ci 27-20, magoya bayan Alabama suka yi masa ca. Ya koma Ohio State, a ƙarƙashin Frye ɗin nan da ake zagi, ya ci kyautar Rimington ta gwarzon ɗan tsakiya a ƙasar, duk da jijiyar agararsa ta tsinke a Nuwamba. Simmons shi ma ya ji rauni a gwiwa tun Oktoba a wasan Oregon. Ƙungiyar ta rasa ɗan gefen hagu da ɗan tsakiya, muƙamai biyu masu matuƙar muhimmanci a layin, aka ɗauke Donovan Jackson daga kafaɗa aka kai shi gefe inda bai saba ba, Carson Hinzman ya dawo tsakiya. Idan ana neman ma'aunin koci na gaskiya, ga shi nan: mutum nawa ne a ɗakinsa za su iya buga muƙami biyu, kuma na shida da na bakwai da na takwas sun shirya? Alabama ta Nick Saban ta yi irin wannan da Barrett Jones, wanda ya buga kafaɗa, ya koma gefen hagu ya ci Outland a 2011, ya koma tsakiya ya ci Rimington a 2012.

Wani ɓangaren da ba a cika kawowa a muhawara ba shi ne kocin layin gaba ba shi ke zaɓen tsari ba. Akwai tsarin shiyya, wanda Alex Gibbs ya shahara da shi a Denver a shekarun 1990: duk layin ya taka ɓangare guda, mutum biyu su haɗu a kan ɗaya, sannan ɗayansu ya zare ya hau kan mai tsaro na layi na biyu, mai gudu ya zaɓi kafar da ta buɗe. Wannan yana son masu sauri. Akwai kuma tsarin da ake danne ɓangare guda ciki, ɗan kafaɗan ɗaya ɓangaren ya zagayo ta baya ya share hanya, wanda ya fi son masu nauyi. Idan aka shekara uku ana tara yara don tsari ɗaya, sai aka kawo sabon kodineta mai son ɗayan, layin zai yi kamar ya manta wasa. Ga kuma dabarar da ta cika wasan jami'o'i, inda mai jifa ke yanke shawarar miƙawa ko jefawa bayan an fara. Doka ta ba 'yan layi damar wuce layin farawa da yadi 3 kafin a jefa, a NFL yadi 1 ne. Sakamakon haka ɗan layi yana turawa yana ƙirga taku, ba ya iya sakin jiki ya kora mutuminsa har ƙarshe. Magoya baya sai su ce layin ya yi laushi, alhali tsari ne ya ɗaure masa ƙafa.

Sai batun yawan ma'aikata, wanda ya sauya kwanan nan fiye da yadda mutane da yawa suka lura. Daga Janairun 2018 zuwa 2024, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta ƙayyade wa manyan jami'o'i babban koci ɗaya da mataimaka 10. Rabon da aka saba shi ne biyar a hari, wato mai jifa, masu gudu, masu karɓa na nesa, masu karɓa na kusa, da layin gaba. Kocin masu gudu yana da mutum ɗaya a fili, kocin layin gaba yana da biyar, ga mutum 15 ko fiye a ɗakin darasi. Ido biyu ba sa iya bin ƙafa goma a lokaci guda. Shekaru da dama ana cike wannan gibi da ɗalibin digiri na biyu mai koyon aiki, su kuma masu nazarin bidiyo da Saban ya riƙa tarawa, har da tsofaffin manyan kociyoyi irin su Steve Sarkisian da Butch Jones, doka ta hana su koyarwa a fili. A Yunin 2024 aka cire wannan shinge: kowane ma'aikaci zai iya koyarwa a atisaye da ranar wasa. Abin da ya rage shi ne mutum 11 kaɗai ke da izinin fita neman yara a wajen harabar jami'a.

Wannan ya sa tambayar "wane ne kocin layin gaba" ta zama rabin tambaya. Yanzu jami'a mai kuɗi tana iya ajiye mutum biyu ko uku: ɗaya ya riƙe 'yan gefe, ɗaya 'yan ciki uku, wani kuma ya tsaya da sababbin yara da ba sa samun juyi a atisaye. Tana ma iya ɗauko dattijon da ya gaji da yawon gidajen iyaye ya zauna yana koyarwa kawai, a bar wa matashi tafiye-tafiyen. Ga wanda ya san cewa doka ta ƙayyade sa'o'i 20 a mako lokacin kaka, da atisaye 15 kacal a bazara, kuma an hana atisaye biyu masu karo a rana ɗaya tun 2017, ribar a fili take: ba a iya ƙara lokaci, amma ana iya ninka yawan gyaran da kowane yaro ke samu cikin lokacin. Haɗarin kuma shi ne murya biyu. Akwai kocin da ke koyar da ɗan gefe ya ja baya a miƙe, akwai mai koyar da ja a karkace. Akwai mai son naushi da hannu biyu lokaci guda, akwai mai son hannu ɗaya ya riga ɗaya. Kowanne yana aiki, amma yaron da aka gaya wa duka biyun a mako guda zai tsaya yana tunani, kuma rabin daƙiƙa ta isa a wuce shi. Mataimakin da babban koci ya ɗora wa mutum daga sama yakan haifar da haka. Wanda kocin layin ya zaɓa da kansa, mai magana da kalmominsa, shi ne ke ƙara wani abu.

Irin wannan rikicewa ce ke biyo bayan yawan sauya koci. Harry Hiestand ya zauna a Notre Dame daga 2012 zuwa 2017, ya fitar da Zack Martin da Ronnie Stanley da Quenton Nelson da Mike McGlinchey, dukansu a zagayen farko, biyun ƙarshe cikin goman farko a 2018. Alabama kuwa daga 2020 zuwa 2024 ta ga Kyle Flood, da Doug Marrone, da Eric Wolford, da Chris Kapilovic. Layin da ya ci kyautar Joe Moore a 2020 shi ne Michigan ta keta ta kayar da mai jifa sau shida a Rose Bowl shekara uku bayan haka, duk da cewa Alabama ba ta daina ɗaukar fitattun 'yan sakandare ba. Yaron da ya shiga a 2020 ya zauna shekara biyar ya koyi sunayen kira da salon taku daga bakin mutum huɗu.

Saboda haka korar koci tana da farashin da ba a gani a ranar sanarwa. Yawanci a Disamba ake yi, daidai watan da 'yan sakandare ke sa hannu, tsarin da aka fara tun 2017. Ɗan layin gaba kocinsa yake bi fiye da sunan jami'a, domin da shi zai zauna kullum, saboda haka waɗanda suka yi alkawari sukan janye, na cikin gida masu tasowa su fara duba ƙofar fita. Sabon koci zai zo ya tarar da ɗaki ya ragu, ajin da za a ɗauka ya yi ƙaranci, ga atisaye 15 a bazara da kusan wata guda a Agusta kafin wasan farko, kuma gibin wannan aji zai fito fili ne a kakarsa ta uku.